Kwaɗon Aro Ba Ya Tsare Taska

Duk wanda ya bi titin Tudun Wada da yamma, daga wajen kasuwa har ya doshi Kongo, zai ga rumfunan masu POS jere a gefen hanya. Mutum ya kan miƙa katinsa, ya danna lambobi huɗu, nan da nan a ƙirga masa kuɗi. Malamin makaranta ta nan albashinsa ke fitowa, akawu ma haka, tsohon ma'aikaci mai jiran fansho ma haka. Amma cikin dubu da ƙyar za a sami ɗaya wanda ya taɓa tambayar abin da ke hana wani ɗan fashi tare saƙon nan tsakanin rumfa da banki, ya sauya lamba, ya kwashe kuɗin. Abin da ke hana shi wani kwaɗo ne wanda ba a ganinsa da ido, gama da lissafi aka ƙera shi.

To, kwaɗon nan aro ne. Ba mu muka ƙera shi ba, kaɗan ne daga cikinmu suka san yadda cikinsa ya ke, su kuwa masu shi sun riga sun yi shela cewa ya kusa tsufa, har sun fara sauya shi. Saboda haka ra'ayina shi ne, lalle ne makarantun Zariya su kafa maƙerar gwaji, inda samari da 'yan mata za su riƙa haɗa irin waɗannan manhajoji da hannunsu, suna ɓalle su, suna sake haɗawa, a fili gaban kowa. Amma da sharaɗi guda, watau kada a ɗora dukiyar talaka ko asirinsa a kan abin da ba a gama gwadawa ba.

Akawunan En'e na dā ba su buƙatar a yi musu dogon bayani a kan amana. Makarantar Kongo, wadda ta fara da horon akawuna bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma zama makarantar koyon aikin mulki a 1954, abin da ta koya musu ke nan. Rasit ba ya fita sai da kwafinsa ya zauna a littafi. Takarda ba ta da ƙarfi sai da sa hannu da hatimi. Jimlar shafin jiya ita ke buɗe shafin yau. Mai binciken kuɗi ya kan sauka ba da sallama ba. An rushe En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, amma dalilin waɗannan dokoki yana nan daram: ba a barin amanar jama'a a hannun mutum ɗaya, kome kirkinsa. Fatakenmu ma sun san wannan tun kafin zuwan Turawa. Goro ya taso daga Gwanja, shanu su gangara Kudu, a ba da bashi mai yawa ba takarda, domin fatoma da dillali da madugu kowa shaida ne a kan ɗan'uwansa, wanda ya ci amana kuwa labarinsa ya riga shi isa zango na gaba. Abin da injiniyoyin zamani ke nema su yi shi ne su mai da hatimi da rasit da shaidu su zama lissafi, yadda na'ura za ta iya riƙe su.

Bari mu duba yadda kwaɗon ya ke. Akwai lambobin da ba su rabuwa da kome sai da ɗaya ko da kansu, kamar 7 da 13 da 53. Mu kira su gagara-rabo. In malami ya ce wa ɗan aji shida ya ninka 53 sau 61, kafin a goge allo ya kawo 3233. Amma in ya ba shi 3233 kawai, ya ce ya nemo lambobi biyun da suka haife ta, sai yaro ya yi ta rabawa da 2, da 3, da 5, da 7, sai a gwaji na goma sha shida zai dace. Tafiya da sauƙi, komowa da wuya. A kan wannan bambanci wasu masana uku a Amurka, Rivest da Shamir da Adleman, suka gina tsarin da a ke kira RSA a 1977, bayan Diffie da Hellman sun share fage a 1976. Babbar lambar a kan ba kowa ita, da ita a ke kulle saƙo. Ƙananan biyun kuwa mai akwati kaɗai ya san su, da su ya ke buɗewa, da su kuma ya ke buga hatiminsa. Lambar da a ke aiki da ita yau ta kan kai tsawon alƙaluma 617, kwamfutocin duniya ko sun taru ba su warware ta cikin rayuwar jikokin jikokinmu. Wannan tsari da 'yan'uwansa su ne ginshiƙin tsaron bankuna da saƙonnin waya da yawancin abin da ke ratsa intanet.

Ana nan sai a 1994 wani masanin lissafi, Peter Shor, ya nuna a takarda cewa in an sami wata irin kwamfuta, wadda a ke kira ta kwantam, komowar nan mai wuya za ta zama da sauƙi. Kwamfutar da muka saba da ita da ƙwayoyi ta ke ƙirga, kowace ƙwaya ko 0 ko 1. Ta kwantam kuwa tana aiki da abubuwa ƙanana ƙwarai, kamar ƙwayar zarra ko ta haske, ko wayoyin da aka sanyaya matuƙa, waɗanda ƙwayarsu, mai suna kubit, ta kan kasance gauraye tsakanin 0 da 1 har sai an duba ta. Gwanintar mai tsara aikin ita ce ya shirya lissafin yadda amsoshin banza za su kashe juna, ta gaskiya ta yi ƙarfi ta fito.

Kada mai karatu ya firgita ya ruga banki gobe da safe. A 2001 masu bincike na kamfanin IBM sun gwada dabarar Shor, abin da suka iya warwarewa shi ne 15, watau 3 sau 5. Har yau ba a nuna wata na'ura da ta ɓalle kwaɗon da bankuna ke aiki da shi ba. Amma kada kuma ya yi barci. A 2019 masana sun ƙiyasta cewa aikin zai ci kubit miliyan 20. A 2025 ɗaya daga cikinsu, Craig Gidney na kamfanin Google, ya sake lissafi ya ce ƙasa da miliyan ɗaya za su isa. Ga kuma wata barazana wadda ba ta jiran gobe: mai haƙuri yana iya kwafe saƙonnin da aka kulle yau ya adana, ya jira ranar da mabuɗi zai samu. Takardar fili, da asirin mara lafiya, da bayanan katin ɗan ƙasa, ba abubuwa ba ne da ke rubewa cikin shekara goma.

Abin da ya kamata mu lura da shi ƙwarai shi ne yadda masu kwaɗon suka bi wajen neman sabo. Hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ba ta kulle ƙwararru a ɗaki ta ce su fito da abin mamaki ba. A 2016 ta yi shela ga duniya duka, kowa ya kawo nasa, kowa kuma ya zo ya gwada ɓalle na wani. Aka shekara takwas ana kokawa. A 2022 wani tsari mai suna Rainbow, wanda ya kai zagaye na uku, wani masani ɗaya ya karya shi da kwamfutar cinya cikin kwana biyu da 'yan sa'o'i. A wannan shekara kuma wasu malamai biyu na jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam suka rusa wani mai suna SIKE cikin kimanin sa'a guda, da kwamfuta irin ta kowa. Manyan masana ne suka ƙera waɗannan, shekaru ana yabonsu. Sai a watan Agusta 2024 hukumar ta fitar da ƙa'idodi uku na farko daga cikin waɗanda suka sha duka suka tsira. Ashe kwaɗo ba ya zama abin dogara don maƙerinsa ya rantse, sai don ɓarayin gwaji sun yi iyakar ƙoƙarinsu sun gaza.

Wannan ba sabuwar magana ba ce. Tun a 1883 wani malami a Faransa, Auguste Kerckhoffs, ya kafa ƙa'idar cewa tsarin ɓoye saƙo ya kamata ya tsaya da ƙafarsa ko da abokin gaba ya san yadda aka ƙera shi, muddin bai riƙe mabuɗi ba. Waɗanda suka ƙi jin wannan sun ji a jikinsu. A watan Fabrairu 2020 aka tona cewa wani kamfani na ƙasar Suwizalan, Crypto AG, wanda ya sayar wa ƙasashe fiye da 120 na'urorin ɓoye saƙo, a 1970 ya zama mallakar hukumomin leƙen asirin Amurka da Jamus ta Yamma a ɓoye. Gwamnatoci suka biya kuɗi mai tsada suka sayi kwaɗo, alhali mai sayarwa ya ajiye wa kansa mabuɗi. Kayan aro ba ya rufe katara, balle wanda aka hana ka duba ɗinkinsa.

Sai dai kuma buɗe abu a fili ba ya wadatarwa in ba mai karantawa. A watan Afrilu 2014 aka gano wani kuskure a cikin manhajar OpenSSL, wadda ɗimbin shafunan intanet ke tsare kansu da ita. Rubutun manhajar a shimfiɗe ya ke ga duk mai so, amma kuskuren ya yi shekara biyu a zaune, domin masu kula da ita 'yan kaɗan ne. Littafin kuɗi ko an ajiye shi a buɗe a kan tebur, in ba mai binciken da ya iya karatunsa, daidai ya ke da rufaffe. To, ina namu masu binciken? Ba a samun su ta wurin karanta labarin abin da wasu suka yi. Wanda bai taɓa ƙera kwaɗo ya ga an ɓalle masa ba, ba zai gane raunin na wani ba.

Haka al'amarin ya ke ga tsarin raba amana, wanda a ke yawan ambata tun fitowar Bitcoin a 2009. Asalinsa abu ne da kowane akawu zai gane. Littafi ne wanda kowane shafi ke ɗauke da tambarin lissafi na shafin da ya gabace shi, kamar yadda a ke ɗauko jimlar baya, saboda haka wanda ya kankare lamba ɗaya a tsakiya sai duk shafunan gaba su ƙaryata shi. Sa'an nan ba a ajiye littafin a ofis ɗaya, kwafinsa yana hannun mutane da yawa waɗanda ba su ma san juna ba. Dabara ce mai kyau, amma ba laya ba ce. A watan Yuni 2016 wani asusun haɗin gwiwa mai suna DAO, wanda aka ɗora a kan irin wannan littafi, ya rasa kimanin sulusin dukiyarsa saboda kuskure ɗaya a rubutun manhajarsa. Gwaji ne aka zuba masa dukiyar mutane kafin ya nuna.

Mu ma a nan gida muna da abin lura. Ran 25 ga Oktoba 2021 Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar da eNaira, ya zama na farko a Afirka da ya fitar da irin wannan kuɗi. Wani kamfani na tsibirin Barbados, Bitt, shi ya gina manhajar, ragamar littafin kuwa tana hannun Babban Banki. A 2023 wani rahoton Asusun Lamuni na Duniya ya nuna cewa fiye da kashi 98 cikin 100 na asusun da aka buɗe ba a taɓa su ko sau ɗaya a mako. A farkon wannan shekara kuma, sa'ad da takardun Naira suka yi wuya, kowa ya ga yadda ciniki ya tsaya a kasuwanninmu duk lokacin da saƙon kuɗi ya maƙale a hanya. Darasin shi ne, amana ba a sauke ta daga jirgi. Abin da aka tsara ba tare da sanin halin mai tallan nono da mai sayen hatsi a kasuwar ƙauye ba, da wuya su rungume shi.

Akwai matsalolin da mu kaɗai za mu damu da su. Yaya za a tabbatar da biya a ƙauyen da waya ba ta kamawa sai an hau tudu? Yaya za a tsare asusun tsohuwar da jikanta ke danna mata lambobi? Yaya za a rubuta adashin mata ashirin yadda uwar adashi ba za ta iya sauya lissafi ba, su kuma ba za su iya musun abin da suka karɓa ba? Har ma da haruffanmu: a wurin na'ura, Ɗanladi da Danladi mutum biyu ne, tambarin lissafinsu ba zai taɓa zama ɗaya ba. Ba wani injiniya a Amurka ko Sin da zai hana kansa barci saboda ƙugiyar ɗ da ƙ. In ba mu gwada maganinsu a nan ba, ba mai gwada mana.

Na san abin da wani zai ce: makarantar da ba ta da alli da wutar lantarki, ina ita ina kwantam? Maganarsa da ƙamshin gaskiya, amma bai duba farashin abin ba. Tushen wannan ilmi lissafi ne, lissafi kuwa allo ya ke so. Tun ƙarni na 9 Alkindi na Bagadaza ya rubuta yadda a ke warware rubutun asiri ta ƙirga haruffan da suka fi yawan fitowa. Malami na iya sa yara su ƙirga haruffan shafi ɗaya na jarida, su gane da kansu cewa harafin a ya fi kowane yawa a Hausa, sa'an nan su warware wasiƙar da 'yan wani aji suka ɓoye. Ko dabarar raba mabuɗi da Shamir ya fitar a 1979 ana iya nuna ta da alli. A ce asirin shi ne 7, ana ƙara wani adadi a kowane mataki. A gaya wa mutum na farko cewa a mataki na 1 an kai 10, na biyu a mataki na 2 an kai 13, na uku a mataki na 3 an kai 16. Kowane ɗayansu shi kaɗai bai san kome ba, amma duk biyun da suka haɗu za su ga ana ƙara 3, su koma baya su sami 7. Ga ɗakin ajiya mai makulli biyu ya koma lissafi. Ƙasar nan kuwa ba baƙuwar lissafi ba ce. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafilacen Katsina, ya rubuta littafi a kan jera lambobi cikin murabba'i a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741 ana girmama ilminsa.

Ko na'urar kwantam ɗin ma ba sai an saya ba. Tun 2016 kamfanin IBM ya buɗe ƙaramar tasa ga jama'a ta intanet, a 2017 ya saki manhajar Qiskit kyauta don rubuta mata aiki. Kwamfuta ta kowa tana iya kwaikwayon kubit 20, gama wannan lambobi miliyan ɗaya da 'yan kai ne kawai za ta riƙe. Kowane kubit da aka ƙara sai nauyin ya ninka, ɗalibi kuwa in ya ga kwamfutarsa ta durƙusa wajen kubit 30, ya fahimci dalilin da ya sa duniya ke tseren ƙera ta gaske, fiye da yadda lacca goma za ta fahimtar da shi. Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu ta shiga ƙawancen kwantam na IBM tun 2019. Zariya mai Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, mai cibiyar kwamfuta da ke ɗauke da sunan masanin lissafi Farfesa Iya Abubakar, mai makarantar horon malamai da Barewa da Alhudahuda, ba ta da hujjar zama 'yar kallo.

Wani kuma zai ce, ai masana sun hana mutum ya ƙera kwaɗonsa da kansa. Gaskiya ne, ni ma ina tare da su, shi ya sa na kafa sharaɗi tun farko. Abin da aka hana shi ne ka ƙera yau ka rataya a ƙofar Baitulmali gobe. Ɗan koyon ƙira ya kan lalata ƙarfe da yawa kafin a ba shi garmar mutane. Duk abin da ya fito daga maƙerar gwaji a rubuta masa a goshi cewa gwaji ne, a gwada shi da kuɗin wasa da sunayen ƙarya. Wanda kuwa ya zo muku da sabuwar manhaja yana alkawarin riba ninki biyu, yana fakewa da manyan kalmomi, ku tuna da MMM da ta rufe asusun mutane a Disamba 2016. Mai gwaji na gaskiya kuskurensa ya ke fara nuna maka, mayaudari kuwa riba.

Saboda haka ga roƙona. Malaman makaranta su shigar da wasannin nan cikin darasin lissafi tun daga firamare. Manyan makarantun Zariya su keɓe ɗaki da 'yan kwamfutoci, su shimfiɗa duk abin da aka rubuta a fili, su kuma riƙa gasa kowace shekara, Samaru ta ƙera Kongo ta ɓalle, a ba wanda ya ɓalle lada daidai da wanda ya ƙera. A rubuta bayanin kowane gwaji da Hausa, har da wanda ya faɗi, domin na baya ya san ramin da na gaba ya faɗa. Akawuna da ma'aji da sakatarori kuwa, duk ranar da aka kawo wa ofishinku sabuwar manhaja, ku yi tambayar da magabatanku za su yi: wa ke riƙe da mabuɗi, wa ya bincika ta ban da mai sayarwa, in kwaɗon ya tsufa yaya za a sauya shi ba tare da an rushe ɗakin ba? In ba a ba ku amsa ba, ku rubuta a fayil cewa kun tambaya.

Hukumar NIST ta fitar da daftarin shiri a 2024 na daina aiki da tsofaffin kwaɗuna gaba ɗaya a 2035. Yaron da ke aji ɗaya na sakandare a Tudun Wada bana, a lokacin ya gama jami'a. Ko dai ya zama cikin masu duba sabon kwaɗon da za a rataya wa albashin ubansa, ko kuwa ya tsaya a bakin rumfa yana danna lambobi huɗu bai san abin da ke bayansu ba. Zaɓin yana hannun malamin da zai shiga ajinsa gobe da safe. Allah ya sa mu farga da wuri.